Yadda ake auna gaurayar gado a retrobairos, daga ɗakin gwaji zuwa jinin majiyyaci

Duk ƙwayar retrobairos, ko HIV ce mai jawo ƙanjamau ko 'yan uwanta da ke kama kaji da ɓeraye, tana ɗauke da zaren RNA guda biyu, kuma kowane zare cikakken kundin gadonta ne. Amma in ta shiga sel, kwafin DNA ɗaya tak ake samu daga zaren biyun. Mai yin kwafin wani enzayim ne da ake taƙaita sunansa da RT, wanda Howard Temin da David Baltimore suka gano a 1970, kowa a nasa ɗakin gwaji. A nan zan riƙa kiransa makwafi. Halin makwafi shi ne ba ya zama kan zare ɗaya. Yana cikin kwafar wannan sai ya tsallaka kan wancan, ya ɗora daga daidai inda ya tsaya, can gaba kuma ya dawo. In zaren biyun sun bambanta, DNA ɗin da zai fito ruwa-biyu ne: kai na wannan, tsakiya na wancan. Wannan ita ce gaurayar gado.

Ba ƙaramin al'amari ba ne. Ƙwaya ɗaya tana iya jure wa wani magani, wata kuma ta jure wa wani daban, tsallake ɗaya ya haɗa juriyar biyu a jiki ɗaya. Nau'in HIV da ya fi yaɗuwa a Afirka ta Yamma, CRF02_AG, gaurayen reshen A ne da reshen G, biyu daga cikin rassan da aka kasa ƙwayar gida-gida. Ita kanta ƙwayar birin cimfanzi da HIV-1, nau'in HIV mafi yaɗuwa a duniya, ta samo asali daga gare ta, bincike na 2003 ya nuna haɗi ce ta ƙwayoyin wasu ƙananan birai iri biyu. Shi ya sa tambayar "sau nawa makwafi yake tsallake?" take da nauyi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan jagora kuwa shi ne, lambar da na'ura take nunawa ba ita ce amsar ba. Wani kaso na tsallaken ɓoye yake, wani kason kuma hannun mai gwajin ne ya ƙirƙiro shi. Aikin duka shi ne a lissafo na ɓoye, a tsame na ƙarya.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai

Ƙwaya biyu su shiga sel ɗaya bai isa a samu gauraya nan take ba, domin kowace tana yin kwafinta ne a cikin nata ƙoƙon. Sai sel ɗin ya fara fitar da sababbin ƙwayoyi, a naɗe zaren ta farko da na ta biyu (mu kira su A da B, ba sunan reshe ba) a cikin ƙwaya guda, sannan wannan ƙwayar ta kama wani sel na gaba, a can ne makwafi zai samu zare iri biyu a gabansa. Ke nan sel biyu ne a cikin labarin: wanda ya haifi ƙwayar da wanda ta kama. In sel na farko yana fitar da A da B daidai wa daida, kuma naɗin na kan mai uwa da wabi ne, to kashi 25 cikin 100 na ƙwayoyin AA ne, kashi 25 BB, kashi 50 kuma AB. A cikin AA da BB ma makwafi yana tsallake, sai dai ba ya barin sawu, tun da zaren biyun iri ɗaya ne. Rabin abin da ke faruwa ya riga ya ɓace maka tun ba ka fara ba.

Naɗin ma ba kullum yake tafiya haka ba. A HIV-1 zaren biyun suna fara riƙe juna ne ta wasu haruffa shida (wato tubalan da aka jera zaren da su) da ke kusa da farkon kundin. Reshen B yana da GCGCGC, reshen C kuma GUGCAC. In haruffan ba su dace ba, ƙwayoyi masu zare iri biyu suna raguwa, kuma ɗakin gwajin Wei-Shau Hu ya nuna a 2005 cewa gauraya tsakanin B da C ta gaza ta cikin reshe ɗaya da kusan ninki tara. Duk wanda zai gwada reshe biyu mabambanta, ya fara duba waɗannan haruffa shida.

Me ke sa tsallaken? Makwafi hannu biyu gare shi: ɗaya yana rubuta DNA, ɗayan, RNase H, yana bin baya yana daddatsa RNA ɗin da aka gama kwafa. Sabon DNA ɗin sai ya zauna tsirara, ya samu damar manne wa ɗaya zaren. John Coffin ya kawo bayani a 1979 cewa tsinkewar zare ce ke tilasta wa makwafi tsallaka. Daga baya aka ga ko babu tsinkewa, in rubutun ya yi nawa ko daddatsawar ta yi sauri, tsallaken yana ƙaruwa. Akwai kuma tsallake biyu na dole da kowane retrobairos yake yi a bakin kundin don ya kammala kwafi. Ba su ake ƙidaya a nan ba, na tsakiyar kundi ake nema.

Aiki da HIV ko abin da aka ƙera daga gare ta sai a ɗakin gwaji mai matakan kariya da izinin hukumar da ke kula da shi.

Mataki na 1: ƙera iyaye biyu masu alama

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce ta furotin kore mai ƙyalli, GFP. Ka ɗauki ƙwaya biyu masu kama da juna a kusan komai, ka sa wa kowace umarnin yin GFP, amma ka lalata shi. A ƙwayar A ka ɓata shi ta wajen farko, a ƙwayar B ta wajen ƙarshe. Babu wadda za ta yi kore ita kaɗai. Sai in makwafi ya tsallaka a tsakanin ɓarnar biyu, ya ɗauko lafiyayyen farko daga B da lafiyayyen ƙarshe daga A, sannan sel ɗin da aka kama zai yi kore.

Kowace uwa kuma tana buƙatar tata lafiyayyiyar alama da za a gane ta da ita, don a san sel nawa aka kama gaba ɗaya. An saba amfani da furotin biyu na ɓera da ke fitowa a bayan sel, HSA ga ɗaya, Thy ga ɗayar.

Tazarar da ke tsakanin ɓarnar biyu ita ce babbar shawarar da za ka yanke, kuma tarihi ya koyar da darasi a kanta. Hu da Temin, a aikinsu na 1990 kan wani retrobairos na tsuntsaye mai suna SNV, sun sa alamomi a tazarar haruffa 1,000, suka ga gauraya 'yar kaɗan, kashi 2 cikin 100 a zagaye ɗaya. Da aka yi irin wannan gwaji da HIV-1 a 2003, tazarar haruffa 1,000 ta ba da kusan kashi 42, tazarar 1,300 kuma ta kai kashi 50, wato iyakar abin da za a iya gani. A nan ma'aunin ya cika ya tumbatsa, ba zai ƙara gaya maka komai ba. Don haka ga HIV, ka tsaya a 'yan ɗaruruwan haruffa. Gara ma ka ƙera tazara biyu ko uku daban-daban, ka ga ko amsoshinsu za su yarda da juna.

Mataki na 2: kulle gwajin a zagaye ɗaya

In ƙwayar ta ci gaba da yaɗuwa a kwano, ba za ka taɓa sanin zagaye nawa ta yi ba, kuma wadda ta fi saurin haihuwa za ta mamaye sauran. Maganin haka shi ne a cire umarnin env, mai yin rigar da ƙwaya ke shiga sel da ita, sannan a ba ta aron riga daga waje a lokacin haihuwarta kawai. Galibi rigar VSV-G, ta wata ƙwayar cuta daban, ake ara. Ƙwayar za ta shiga sel na gaba, ta yi kwafi, ta zauna a cikin kundin gadonsa, amma 'ya'yanta ba su da rigar fita kamun wani.

Mataki na 3: samar da ƙwayoyi masu zare iri biyu

Hanya biyu ce. Gajerar ita ce a zuba DNA ɗin A da na B tare a cikin sel irin 293T, wani sel na ɗan Adam da ake renonsa a kwano, a jira kwana biyu, a kwashi ruwan. Tana da sauri, amma tana da aibi: DNA ɗin da aka zuba yana iya gaurayuwa da juna a cikin sel ɗin tun makwafi bai taɓa shi ba, kuma ba ka da tabbacin kowane sel ya karɓi A da B daidai.

Doguwar hanyar ita na fi yarda da ita. A sa ƙwayar A ta kama sel, kaɗan-kaɗan, yadda da wuya sel ɗaya ya samu biyu. A ware waɗanda suka kamu, a sa musu B haka nan, a sake ware masu alama biyu. Yanzu kana da tarin sel dubbai, kowane da A ɗaya da B ɗaya a kundinsa. Sai ka ba su rigar aro, ka kwashi ƙwayoyin. Makonni take ci, amma rabon 25, 50, 25 da duk lissafinka ya dogara a kai ya fi kusa da gaskiya.

Mataki na 4: kama sel na gaba, a ƙidaya

Zuba ƙwayoyin a kan sel ɗin da kake son nazari, misali fararen ƙwayoyin jini masu CD4. Kada ka cika. In kusan kowane sel ya kamu, da yawa za su samu ƙwaya biyu ko uku, ƙidaya ta rikice. Bayan kwana uku ko makamancin haka, a rina alamomin HSA da Thy, a wuce da sel ɗin ta na'urar da ke ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya da hasken lesa. Lamba uku kake so: jimillar sel, masu ɗauke da ko wace alama ta kamuwa, da masu kore. A gefe guda ka gwada A ita kaɗai, da B ita kaɗai. In ɗayansu ta ba da kore, ɓarnar da ka yi ba ta kama ba, sai a koma mataki na 1. Duba kuma ko yawan masu HSA da masu Thy ya yi kusa. In ɗaya ta rinjayi ɗaya sosai, rabon 50 ɗin nan ya karye.

Mataki na 5: lissafi

A nan ne mutane da yawa suke zamewa, don haka bari mu bi shi da misali. Lambobin nawa ne, na koyarwa kawai.

A ce ka ƙidaya sel 100,000. Guda 20,000 sun kamu, guda 1,500 sun yi kore, tazarar alamominka kuma haruffa 300 ce.

Gyara na farko na sel ɗin da ƙwaya fiye da ɗaya ta shiga ne. Ana amfani da ƙa'idar Poisson: matsakaicin kamuwa ga kowane sel shi ne −ln(1 − kason da ya kamu). Na kamuwa gaba ɗaya, −ln(0.8) ya ba da 0.223. Na kore, −ln(0.985) ya ba da 0.0151. Raba na biyun da na farko, ka samu 0.068. Wato kashi 6.8 cikin 100 na kamuwar ne suka haifar da kore.

Gyara na biyu na abin da ba ya ganuwa ne. Rabin ƙwayoyin ne kaɗai AB. A cikin ruwa-biyun da AB suka haifa kuma, rabi ne suka haɗa lafiyayyun ɓangarori. Sauran rabin ɓarna biyun suka haɗa, ba za su taɓa yin kore ba. Rabin rabi kwata ne, don haka sai a ninka 6.8 sau 4, a samu kusan kashi 27. Wannan shi ne kason 'ya'yan AB da suka fito a gauraye tsakanin alamomin biyu. Daga nan za ka ga dalilin da ya sa kore ba zai wuce kashi 12.5 ba a wannan tsari: iyakar gauraya kashi 50 ce, kwatanta kuma 12.5. In ka ga ya haura haka, akwai matsala a gwajin, ba ganowa ka yi ba.

Gyara na uku shi ne mafi muhimmanci. In makwafi ya tsallaka daga B zuwa A, ya sake dawowa B kafin ya kai alama ta biyu, sakamakon kamar bai motsa ba ne. Tsallake ɗaya, uku, biyar suna ganuwa. Biyu, huɗu, shida ba sa ganuwa. Masana gado sun san wannan tun kafin a san akwai makwafi, kuma dabarar da J. B. S. Haldane ya fitar a 1919 ita ce har yau ake aiki da ita: matsakaicin tsallake shi ne −½ ln(1 − 2r), inda r yake nufin kason da aka gani. Sa 0.27 a ciki, ka samu kusan 0.39. Raba da haruffa 300, ya zama 0.0013 ga kowane harafi. Kundin RNA na HIV-1 yana da haruffa wajen 9,200, ke nan tsallake kusan 12 a kowane kwafi. Da ka tsallake wannan gyaran, da 8 za ka samu, ka zubar da kashi ɗaya cikin uku na amsar.

Ka lura da abin da ka ɗauka a matsayin gaskiya lokacin da ka ninka da 9,200: cewa ko'ina a kundin tsallake daidai yake. Ba haka ba ne. Akwai wuraren da RNA yake naɗewa ya yi ƙulli, makwafi ya yi jinkiri, tsallake ya yawaita. Wannan na cikin dalilan da suka sa amsoshin da aka buga suka bambanta: wani aiki na 2000 ya samu tsallake 2 zuwa 3 a kundi, wani na 2004 ya samu kusan 9 a sel ɗin T, da kusan 30 a makrofaj, dukkansu sel ne na garkuwar jiki da HIV take kamawa.

Mataki na 6: in kana son sanin inda aka tsallaka

GFP baƙo ne a jikin HIV, kuma tazara ɗaya kawai yake aunawa. Wanda ke son taswira sai ya jera alamomi da yawa a cikin umarnin ƙwayar na asali, irin su gag ko pol, ta hanyar sauya harafi ba tare da ma'anar ta sauya ba, tun da kundin da kalmomi masu haruffa uku-uku ake karanta shi, kuma kalmomi fiye da ɗaya suna iya nufin ɓangaren furotin guda. Bayan kamuwa a ciro DNA, a ninka shi da PCR, wato dabarar kwafar DNA zagaye bayan zagaye a cikin kwalba, a karanta jerin haruffan dubban kwafi. Kowane kwafi zai nuna maka A, A, B, B, A, ka ga daidai tsakanin da aka sauya zare. Wasu masu bincike a Ostareliya sun bi wannan hanya a 2010, suka samu 0.00135 ga kowane harafi a zagaye ɗaya.

Amma PCR da kansa maƙerin gauraya ne, kuma wannan ne tarkon da na fi jin tsoro. In wani kwafi bai kammala ba a zagaye ɗaya na PCR, a zagaye na gaba yana iya manne wa DNA ɗin ɗaya uwar, a ƙarasa shi a can. Abin da zai fito ba ya da maraba da aikin makwafi. Dole ne a yi gwajin shaida: sa ƙwayoyin AA su kama sel a kwano ɗaya, BB a wani kwanon, ka haɗa DNA ɗinsu sai dab da PCR. Duk ruwa-biyun da ka gani a nan, kwalbarka ce ta haife shi. Ka cire shi daga lissafi, kuma ka rage shi tun daga tushe: zagaye kaɗan, DNA kaɗan a farko, lokaci mai tsawo don kowane kwafi ya kammala. Alamomin ma kada su yi yawa har zaren biyun su daina kama da juna, don bambanci mai yawa yana rage tsallaken da kake son aunawa.

Mataki na 7: samfurin majiyyaci

A jikin mutum babu alamar da ka dasa, kuma ba ka san iyayen ba. Abu na farko shi ne kauce wa tarkon PCR ta hanyar tsarma samfurin sosai, a rarraba shi a ƙananan ramuka har ya zama ƙasa da kashi 30 cikin 100 ne suke ba da sakamako. A irin wannan tsarmi, fiye da kashi 80 na ramukan da suka yi aiki kwafi ɗaya tak suka fara da shi, babu abokin da zai gauraya da shi. Duk wanda karatunsa ya nuna haruffa biyu a wuri ɗaya, a jefar da shi.

Sannan a jera kundin da aka karanta kusa da sanannun rassa, a zana bishiyar nasaba, amma ba ta kundin duka a lokaci ɗaya ba. Ana ɗaukar taga, misali ta haruffa 400, a duba reshen da wannan yanki ya fi kusa da shi, a matsar da tagar gaba kaɗan, a sake dubawa. In farkon kundin ya zauna da reshen A, tsakiya ta koma G, to wurin da nasabar ta juya shi ne sawun tsohon tsallake. Manhajoji irin su SimPlot da RDP, da RIP na rumbun bayanan Los Alamos a Amurka, wannan aikin suke yi. Ƙaramar taga tana kawo hayaniya, babba kuma tana haɗiye gajerun yankuna, don haka kada ka yarda da wurin juyi sai hanya biyu ko uku sun nuna shi. In an samu tsarin gauraya iri ɗaya a mutum uku da kamuwarsu ba ta da alaƙa da juna, ana ba shi lambar CRF, wato gaurayen nau'i da ke yawo a cikin jama'a, kamar CRF02_AG. An riga an wuce guda 100 a jerin.

Abin da wannan mataki yake nunawa shi ne waɗanda suka tsira, ba yawan tsallake ba. Ruwa-biyun da ya fito da nakasa ya mutu tun ba a ɗebi jini ba. Richard Neher da Thomas Leitner sun bi samfuran majiyyata na tsawon shekaru, suka ƙiyasta a 2010 cewa gaurayar da take tasiri a jiki kusan 0.000014 ce ga kowane harafi a zagaye ɗaya, wato ƙasa da ta ɗakin gwaji da wajen ninki 100. Lambobin biyu ba su saɓa wa juna ba. A ɗakin gwaji kai ka tilasta wa A da B zama a sel ɗaya. A jiki sai sun haɗu da kansu. Wani bincike na 2002 ya samu matsakaicin kwafi 3 zuwa 4 a kowane kamammen sel na saifa, amma wani na 2011 ya ga fiye da kashi 85 na kamammun sel ɗin CD4 da ke cikin jini kwafi ɗaya kawai suke ɗauke da shi. Saboda haka in za ka rubuta sakamakonka, ka faɗi wace lamba ka auna, ta makwafi ko ta jiki, da irin sel ɗin da ka yi amfani da shi, da tazarar alamominka, da abin da gwajin shaida na PCR ya nuna.